Kirstenbosch: na je gidan su fulawoyin da muke dasawa a ƙofar gida

Daga tsakiyar birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu zuwa lambun tsirrai na Kirstenbosch tafiyar ba ta da wani nisa, kilomita 13 ne ko kusa da haka, sai dai dole ka zagaya Dutsen Tebur ka koma ta gabashinsa, ka ratsa unguwar Newlands ka hau titin Rhodes Drive, bishiyoyi hagu da dama har ka iso ƙofa. Ƙanwata da ke karatu a garin ita ta yi min jagora, ta san yanda nake da fulawa, tun a mota take min kashedi wai "Yaya dan Allah yau ki kalla da idonki, kar ki ƙare a bayan waya kina ta ɗaukar hoto." Ƙarshen watan Satumba ne, su kuma a can ruwansu da sanyi yake zuwa, daga Yuni zuwa Agusta, to mun iso ke nan sanyin ya fara ja da baya, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, komai yana ta buɗewa.

Muna shiga sai ga fili kore shar yana hawa sama a hankali, can ƙarshensa wani ƙaton dutse da suke kira Castle Rock a tsaye, gajimare na ta gangarowa ta kansa, ga zabi suna kiwonsu a kan ciyawa ko a jikinsu da mutane. Filin asali Baturen mulkin mallaka Cecil Rhodes ne ya saye shi a 1895, da ya mutu a 1902 ya bar wa ƙasa, sai a 1913 wani farfesan tsirrai Harold Pearson ya tsaya kai da fata aka mayar da shi lambu, shi ne shugaban wajen na farko, bai ma daɗe ba ya rasu a 1916 kuma kabarinsa na nan cikin lambun. Gaba ɗaya hekta 528 ne amma 36 kawai ake nomawa, sauran an bar shi daji har saman dutse. Abun da ya bambanta shi da sauran lambuna, tun farko an yanke cewa tsirran kudancin Afirka kaɗai za a shuka, iri sama da 7,000, in ka cire tsofaffin bishiyoyi 'yan kaɗan da aka tarar kaman layin kafur da Rhodes ya sa aka dasa a 1898. Ba bogambiliya, ba wardin Turawa.

To ni da na ji haka na sa rai zan ga baƙin abubuwa zalla, sai na tarar kusan duk taku goma ina haɗuwa da wadda na sani. Waccan da ake jerawa a bakin get ɗin otal, waccan da ake shinge da ita, waccan ta cikin tukunya a baranda, ashe duk 'yan nan ne, daga nan aka kwashe su aka watsa duniya. Kuma kowace an kafa mata ɗan allo a gindi, da sunanta da danginta da inda take fitowa da kanta a daji, wallahi wannan layin na ƙarshe shi na fi karantawa ranar, domin shi ne abun da mai sayar da fulawa ba ya gaya maka. Zai ce maka tana da kyau, tana fure, ka ba ta ruwa. Ba zai ce maka 'yar ƙarƙashin bishiya ce ko 'yar kan dutse ba, alhali rayuwarta da mutuwarta a gidanka duk a nan suke. Fulawar da za ta yi wata uku ta bushe ka zubar ba komai, amma wadda kake so ta shekara goma a gindin katangarka dole ka san gidan ubanta.

Strelitzia ce ta fara tsayar da ni. Ga wanda bai san sunan ba, ita ce mai faffaɗan ganye mai kauri, furenta ruwan lemo da shuɗi, in ka kalle shi ta gefe sak kan gauraka da tukkunsa. 'Yar gabashin ƙasar ce, bakin rafuka da sararin kurmi na kusa da teku, an kai ta lambun Kew na Landan a 1773 daga nan ta bazu. Amma ta nan ba ruwan lemo ba ce, rawaya ce fes, sun dasa ta tuli guda, sunanta Mandela's Gold. Labarinta ya burge ni sosai. A shekarun 1970 akwai guda 7 masu rawayan fure a wajen renon tsirrai na lambun, matsalar ita ce in ka bar su suka yi barbara da masu ruwan lemo 'ya'yan ruwan lemo za su fito, sai uwa da uba duk rawaya ne sannan ake samun rawaya. John Winter da ke kula da lambun a lokacin shi ya sa aka dinga haɗa su da hannu ana zaɓe, kusan shekara 20 ana abu ɗaya, sai 1994 aka samu isassu aka fitar da ita kasuwa da sunan Kirstenbosch Gold, a 1996 aka sauya mata suna saboda Nelson Mandela.

Wani dattijo ma'aikacin lambun yana cire busassun ganye a wajen, da ya ga na durƙusa na ƙi tashi sai ya matso ya ɗauki ɗan tsinke ya danna shuɗin nan mai tsini da ke tsakiyar furen. Sai kawai ya buɗe biyu, ga wani farin gari mai danƙo a kwance a ciki. Ya saki ya rufe. Ashe wajen saukar tsuntsu ne, in ya sauka zai sha ruwan zaƙi nauyinsa ne ke buɗe shi, garin ya manne masa a ƙafa ya kai wa fure na gaba. Shi ya sa a ƙasashen da babu tsuntsun da ya iya wannan aikin za ka ga tana fure shekara da shekaru amma ba iri, sai mutum ya yi da hannu. Na kuma lura wasu kawunan an lulluɓe su da ragar waya, ya ce saboda kurege ne, irin toka-tokan nan da Rhodes ya kawo daga waje, in ba a rufe ba tas suke cinye ƙwayar tun ba ta nuna ba. A gida dai strelitzia ba ta da fitina, rana ko rabin inuwa, taki mai yawa, ruwa daidai gwargwado, abu ɗaya ne ba ta so, a dinga tono ta ana sauya mata waje. In ka raba ta sai ta yi fushi wajen shekara 2 kafin ta sake fure, kuma ta fi yin fure in gindin ya cika ya cunkushe.

A inuwar manyan bishiyoyi clivia ce ke cin kasuwarta, lokacinta ne, kowane gindi ya ɗago curin fure ruwan lemo mai rawayan ciki a saman ganye kore mai duhu. Allonta ya ce 'yar ƙasan kurmi ce, saiwarta a cikin ruɓaɓɓen ganye take yawo ba ta nitsewa can ƙasa. Ka ga ke nan wanda ya saye ta dan kyan furen ya ajiye ta a tsakiyar rana ya gama da ita, ganyen zai ƙone ya yi fari, wanda kuma ya dasa ta a laka mai riƙe ruwa saiwar ruɓewa za ta yi. Amma wannan lungun na gida da rana ba ta kaiwa, wanda kowa ya haƙura da shi, nan ne gidanta. Mai ƙananan yara dai ya kula, tana da guba in aka ci, haka ma farar arum da na gani cike da bakin rafi.

Akwai wani ɓangare da aka yi domin ƙamshi, an ɗaga kwamin sama daidai ƙugu yanda ko makaho zai kai hannu, kuma nan an yarda ka taɓa. Ƙanwata ta ce in rufe ido, ta murza ganye ta kawo min hanci, wannan lemon tsami, wannan na'ana'a, wannan wardi, na buɗe ido ashe duk pelargonium ne, dangin jar fulawar nan da ake jerawa a tagogi a Turai. Irinsu ya kai wajen 280 kuma mafi yawa 'yan kudancin Afirka ne. Mai ƙamshin na'ana'ar ganyenta faffaɗa ne mai laushi da gashi-gashi, ita inuwa take so, sauran kuwa yawanci kan tudu mai duwatsu aka dasa su inda ruwa ba ya kwana. Duk wanda pelargonium ta taɓa mutuwa a hannunsa in ka bincika yawan ban ruwa ne, karan ya yi baƙi daga ƙasa ya ruɓe. Ga sauƙin yaɗawa, ka yanki reshe ka cire ganyen ƙasa ka bar bakin ya sha iska ya bushe, ka soka a yashi, shi ke nan.

Agapanthus kuwa ganye kawai na samu, jere-jere a bakin hanya, furenta shuɗi sai Disamba zuwa Fabrairu lokacin zafinsu. Plumbago ma ba ta fara sosai ba. Ƙanwata ta ce ai mun yi rashin sa'a, ni kam ban ga haka ba, domin a nan na ga yanda suka tsara abun, ba a taɓa dasa masu fure lokaci ɗaya su cika waje guda, wannan na sauka waccan na hawa, kuma wadda ba ta fure an zaɓe ta ne ganyenta ma abun kallo ne. Fure sati nawa ne? Sauran watannin ganye da surar itacen za ka zauna da su, to in ba su yi maka ba tun a wajen saye ka haƙura. Agapanthus da plumbago ina ba kowa shawararsu ido rufe. Agapanthus saiwarta mai kauri ce tana ajiye ruwa, tana riƙe ƙasa a gangare, duk bayan shekara 4 ko makamancin haka ka tono ka raba ka samu na kyauta, sai dai a Ostireliya da Niyu Zilan ta tsere daga gidaje ta zama ciyawar da ake yaƙi da ita, saboda haka a yanke kan in furen ya bushe kafin iri ya zube. Plumbago kuma a sabon reshe take fure, in ka ji tausayinta ka ƙi yi mata aski sai ta yi ta miƙa tsirara, ka datse ta sosai ta dawo da shuɗi ko'ina, ga jure fari.

Mun bi ta gadar Boomslang da aka buɗe a 2014, ƙarfe da katako, mita 130 tana lanƙwasa ta saman bishiyoyi, tana ɗan rawa in mutane sun yi yawa. Da kyau, kowa hoto yake ɗauka, amma minti kaɗan ya ishe ka. A kusa da nan ne kuma ragowar shingen da Jan van Riebeeck, shugaban Turawan Holan a Kef, ya sa aka dasa a 1660 yake, domin raba Turawan Holan da Khoikhoi masu ƙasar da shanunsu, itatuwan sun tsufa sun kwanta sun sarƙe da juna, na tsaya na karanta allon raina bai min daɗi ba, muka wuce.

Hawan zuwa wajen protea, wasu itatuwan daji masu manyan furanni, akwai jan numfashi, amma kai, can ne idona ya raina fata. Gangare guda cur na leucospermum, 'yan dangin protea, kowane itace ya kai ƙirjina ya baje, kowane reshe da curin fure a kai, ja da ruwan lemo da rawaya, tsinkayen furen a miƙe suna sheƙi sai ka rantse roba ce, na taɓa ɗaya na ji shi da tauri. Ga wani tsuntsu mai doguwar jela da ta fi jikinsa tsawo yana tsalle daga wannan kai zuwa wancan yana cusa baki, goshinsa duk garin fure. Can gefe ga sarkin protea, furen ƙasar Afirka ta Kudu, faɗinsa yana kaiwa santimita 30, na haɗa tafukan hannuna biyu ban rufe shi ba, gefen ruwan hoda mai laushin gashi, tsakiyar fari-fari. Ga bishiyoyin azurfa a sama da su iska na juya ganyen suna walƙiya. Yankin Kef gaba ɗaya yana da tsirrai wajen 9,000, kusan kashi 70 cikin ɗari babu su a ko'ina a duniya sai nan, shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2004.

Nan ƙanwata ta ce "Yaya wannan kam sai kin shuka," na ce mata a'a, kuma har yanzu ina kan bakana. Ƙasar da suke kai rairayi ne da ya fito daga dutsen, mai tsami, ba ta da abinci ko kaɗan, su kuma sun saba da haka, suna fitar da wasu ƙananan saiwoyi a cunkushe dab da saman ƙasa masu tsotse ɗan abun da ke akwai. To ka zo da kyakkyawar niyya ka zuba musu kashin shanu ko takin zamani irin NPK, sinadarin fosfarus ɗin ya musu yawa ba su iya cewa ya isa ba, sai ganye ya ƙone itacen ya tafi. Ka sa fartanya ka yi musu noma a gindi, ka yanke saiwoyin nan. Ka haɗa musu zafi da ƙasa mai jiƙe, cutar ruɓewar saiwa ta kama su, yau lafiya jibi a bushe. Suna son rana, iska mai kaɗawa, gangare, a rufe gindin da ɓawon itace a ƙyale su. Duk abun da hannun mai son fulawa ya saba yi na kulawa, su shi ne ajalinsu. Wanda Allah ya ba irin wannan ƙasa da irin wannan yanayi, kaman wasu sassan Ostireliya da Kalifoniya da tsibirin Madeira, bismillah ya shuka ya more. Wanda nasa ruwan da zafi yake zuwa kuma ƙasarsa laka ce, gara ya zo nan ya kalla ya koma ya dasa plumbago, ba wani abun kunya a ciki.

Har yanda suke haihuwa ma daban ne. Dajin nan sai ya ci wuta duk bayan shekara 10 zuwa 20 sannan yake sabuntawa. Ƙwayar leucospermum tana da wani farin maiƙo a jiki, tururuwa ke jan ta zuwa rami su cinye maiƙon su bar ƙwayar a binne, ɓera bai gan ta ba wuta ba ta taɓa ta ba, tana nan har gobara ta wuce ruwa ya sauka. Sarkin protea shi kututture gare shi a ƙarƙashin ƙasa, sama ta ƙone ya sake tohowa. A 1990 masu bincike a ƙasar suka gano hayaƙi kansa yana tayar da irin wasu tsirran daga barci, daga baya lambun ya fitar da wata 'yar takarda da aka turara da hayaƙi, ka jiƙa ta a ruwa ka zuba irin ya kwana ya wuni sannan ka shuka.

Wadda ta fi taɓa min zuciya ko fure babu a kanta ranar, Erica verticillata, wani ɗan itace mai siraran ganye da ke fure ruwan hoda a tsakiyar zafinsu. Da can cike take a fadamun da yanzu birni ya cinye, aka yi ta gini da noma har aka neme ta a daji aka rasa, aka sa ta cikin waɗanda suka ƙare. Sai a 1984 aka ganta a wani lambun shaƙatawa a Piritoriya, daga baya aka samu a Kew, aka kuma samu a lambun fadar Belvedere da ke Biyana a Ostiriya, inda masu lambu suka yi ta yankan reshe suna dasawa hannu zuwa hannu wajen shekara 200, da yaƙe-yaƙe da komai. Daga waɗannan aka yaɗa ta aka mayar da ita fadamar Rondevlei. Mutanen da suka riƙe ta ba su san suna ceton komai ba, fulawa ce suke so suka ƙi bari ta mutu, ni wannan ya ƙara min ganin girman duk mai ba maƙwabci reshe.

A hanyar saukowa muka ratsa ɓangaren da aka yi domin koya wa masu gida tattalin ruwa. Garin nan sun ga tasku, fari ya kai su a Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, wanka da girki da komai, ƙanwata ta ce har yau mutane ba su manta ba. Dabarar ba wata mai wuya ba ce, masu shan ruwa a haɗa su waje ɗaya kusa da gida, masu jure ƙishi can gefe, kar a cakuɗa su har ka dinga shayar da kowa saboda mutum ɗaya. A rufe ƙasa kar a bar ta tsirara, a rage filin ciyawa, a yi dashe a farkon ruwa yanda sama za ta yi maka rabin aikin, kuma ko mai jure fari sai an shayar da ita shekarar farko da ta biyu kafin saiwa ta kama. Gazania na nan a baje a bakin hanya ta buɗe wa rana, ga tulbaghia mai warin tafarnuwa, ga dietes, ga tecomaria da ƙananan tsuntsaye ke so, ba ɗaya a cikinsu mai neman a yi mata hidima kullum.

A bakin fita akwai wajen sayar da tsirrai da iri. Mai tukunya dai ba ta ƙetare iyaka sai da takardar lafiyar tsirrai, iri ma kowace ƙasa da dokarta, a bincika kafin a saya. Ni na riga na duba tawa, na ɗauki fakitin strelitzia mai rawaya da na agapanthus, protea ko kallon fakitinta ban yi ba duk da ƙanwata na ta turo min shi. Ƙwayar strelitzia baƙa ce mai tauri da ɗan gashi ruwan lemo a kai, sai an tsige gashin an jiƙa ta ta kwana, a binne ta ba da zurfi ba a waje mai ɗumi, tsiro sati 4 zuwa 8 wani lokacin ya fi, fure kuma daga shekara 3 zuwa 5 in an kula da ita. Agapanthus irinta ba ya son ajiya, da sabonsa ake shukawa, saboda haka ita na fara zubawa a yashi da ruɓaɓɓen ganye ina isa.